Su Wa Aka Tambaya? Sharhi Kan Samfur Nagari a Binciken Ƙididdiga

A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar da rahoton da ya ce mutum 63 cikin kowane 100 a Nijeriya, kimanin mutum miliyan 133, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa: ƙarancin ilimi, rashin kula da lafiya, rashin ruwa mai tsafta, rashin aikin yi. Ba ƙofar mutum miliyan 133 aka bi ana sallama ba. Gidaje 56,000 da 'yan kai aka shiga a faɗin ƙasar. Duk sanda irin wannan adadi ya fito, tambayar da ake ji a majalisun ƙofar gida da shirye-shiryen rediyo ita ce: yaushe aka zo aka ƙirga mu? Manomi a Bacirawa ko Minjibir yana da gaskiya idan ya ce shi babu wanda ya tambaye shi. Kuskuren shi ne a ɗauka rashin tambayarsa ya rushe binciken. A ɗaya gefen kuma akwai masu haɗiye duk adadin da aka kawo musu, muddin an ce dubban mutane aka tambaya. Ɓangarorin biyu sun tsallake abin da ya fi komai nauyi: ta wace hanya aka zaɓo waɗanda aka tambaya, kuma su wa aka bari a baya?

Ƙidaya daban, samfur daban

Ƙidaya ita ce a bi kowa da kowa, gida-gida, ba a bar ko ɗaya ba. Irinta Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta yi a watan Maris na 2006, ta ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 140, na Jihar Kano kuwa kimanin miliyan 9.4. Aiki ne mai cin kuɗi da ma'aikata, shi ya sa ƙasashe kan yi shi sau ɗaya a shekara goma. Mu tun daga wancan lokaci ba mu sake yi ba.

Samfur kalmar aro ce daga Ingilishi da ta daɗe a bakin 'yan kasuwa: ɗan abin da aka ɗebo don a gane sauran. A ilimin ƙididdiga, wato ilimin tattara alƙaluma da fitar da ma'ana daga cikinsu, samfur shi ne rukunin mutane, ko gidaje, ko gonaki, da aka bincika a madadin duka. Waɗannan “duka” su ne al'ummar bincike, kuma wajibi ne a fayyace su tun farko. Magidantan mazaɓar Bacirawa ake nufi, ko manoman gero na Jihar Kano, ko matan da ke tsakanin shekara 15 da 49? Sai jerin ɗiba, wato takarda ko taswirar da ke ɗauke da kowane gida ko kowace unguwa da za a iya zaɓa. Sai kuma ɗibar ƙuri'a. Ba ƙuri'ar akwatin zaɓe ake nufi ba, irin wadda ake jefawa ce idan za a raba abu ba tare da son kai ba. Ma'anarta kowa a cikin jerin yana da rabon faɗowa wanda aka san girmansa, kuma babu hannun mai bincike ko na wani mai faɗa a ji a cikin fitar da shi.

Dillalin hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya kafin ya saya. Ƙarfe yake sokawa, ya zaro abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, ya duba. Amma ba a bakin buhu kaɗai yake sokawa ba, har tsakiya da gindi, kuma idan kayan mota guda ne ba ya yarda mai kaya ya nuna masa buhun da zai soka, domin ya san inda ake ɓoye tsakuwa da ƙaiƙayi. Ilimin samfur ƙoƙari ne na yin haka a kan mutane. Wahalar ita ce su suna tafiya cin rani, suna ƙin amsa sallama, wani lokaci kuma suna faɗin abin da suke zaton mai tambaya yana son ji.

Yawa ba ya gyara karkata

Kuskure iri biyu ne ke samun samfur, kuma gauraya su shi ne tushen yawancin ruɗanin. Na farko kuskuren sa'a. Ko an bi kowace ƙa'ida, gidajen da ƙuri'a ta fitar yau ba za su ba da amsa daidai da waɗanda za ta fitar gobe ba. Wannan kuskure ana iya lissafa girmansa, kuma yana raguwa idan samfur ya ƙaru. Idan aka ɗebo mutum 100 ta ƙuri'a tsantsa, sakamakon zai iya kauce wa gaskiya da kimanin maki 10 sama ko ƙasa. Mutum 400, maki 5. Mutum 1,000, maki 3. Mutum 2,500, maki 2. Wannan ita ce tazarar kuskure, kuma abin da take nufi shi ne in da za a yi ta maimaita ɗibar, sau 19 cikin 20 gaskiya za ta faɗo cikin wannan tazara. Kafin a rage kuskuren da rabi sai an ninka samfur sau huɗu. Abin da ya fi ba mutane mamaki kuma shi ne yawan al'ummar kansa ba ya canja lissafin sosai: mutum 1,000 da aka ɗebo da kyau za su nuna halin Nijeriya baki ɗaya da kusan daidaiton da za su nuna na Jihar Kano ita kaɗai.

Na biyu shi ne karkata, kuskuren da ke jan sakamako gefe guda saboda wani irin mutane sun fi wani irin shiga samfur. Wannan ƙara yawa ba ya warkar da shi. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, aka maido mata da kusan miliyan 2.4. Ta ce Alf Landon zai lashe da kashi 57 cikin 100. Da aka yi zaɓe, Franklin Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo yawancin sunayenta daga littafin masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, sannan waɗanda suka ɗauki wahalar maido da takarda sun fi yawa cikin masu jin haushin gwamnati. George Gallup, da samfur na kimanin mutum 50,000, ya faɗi wanda zai ci daidai. Shekara biyu bayan haka mujallar ta rufe.

Wannan darasi ya shafi ɗaliban jami'o'inmu kai tsaye. Kusan kowane kundin digiri yana kawo jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ya ce mutum 384 sun isa ga al'umma mai yawa. Adadin daidai ne, amma da sharaɗin an ɗebo su ta ƙuri'a daga cikakken jeri. Wanda ya tsaya a bakin tasha ya raba takardun tambayoyi 384 ga duk wanda ya iya karatu kuma ya yarda ya karɓa, ya cika adadi bai cika sharaɗi ba, kuma tazarar kuskuren da zai rubuta a babi na uku ba ta da alaƙa da abin da ya tara.

Jerin ɗiba a ƙasar da babu sarari

Bacirawa tana ƙasar Ungogo, arewa da birnin Kano, cikin yankin da masana labarin ƙasa suka daɗe suna nazari saboda cunkoson manomansa. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da rahoto kan ƙasa da mutanen gundumar Ungogo. Ƙasa ce da kusan ba a barin gona ta huta, ana noma ta kowace damina da ƙarfin taki, jakuna na kai itace birni suna dawowa da takin bola. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, itatuwan ɗorawa da gawo da kuka a tsakani, gidaje a warwatse cikin gonaki.

A irin wannan wuri jerin ɗiba yana tsufa da wuri. Gado yana raba gona ɗaya gida biyar. Sabon gida yana tashi a bayan tsoho. Gefen da ke kallon Titin Katsina kuwa birni ya riga ya cimma shi, inda ake noma a 2006 yau unguwannin awon igiya ne cike da 'yan haya da ma'aikata da masu sana'a. Duk wanda ya ɗauki jerin shekarun baya ya zaɓi gidaje daga ciki, ya cire baƙi da sababbin magidanta tun kafin ya bar ofis, alhali su ne sau da yawa suka fi bambanta da sauran.

Ga yadda manyan bincike ke kauce wa wannan. Binciken Lafiya da Yawan Jama'a na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta gudanar, ya fara da ƙananan yankunan ƙidayar 2006. Aka raba kowace jiha gida biyu, birni da karkara, aka fitar da yankuna 1,400 ta ƙuri'a. Kafin a yi wa kowa tambaya sai da aka tura ma'aikata kowane yanki suka sake zana taswirarsa, suka rubuta kowane gida sabo fil. Daga wannan sabon jeri aka ɗebo gidaje 30 a kowane yanki, jimilla kimanin 42,000, kuma ba a yarda mai tambaya ya musanya gidan da aka ba shi da na maƙwabci ba. Wannan sake rubuta gidajen aiki ne mai gajiyarwa da ba ya fitowa a kanun labarai, amma a nan ingancin binciken yake kwance.

Akwai wata matsala da ta fi ta taswira zurfi: mene ne “gida”? A karkarar Kano ƙofa ɗaya kan ɗauki maigida da 'ya'yansa masu aure da ƙannensa, kowa da sashensa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta tarar da manyan gidaje, har da wanda mutanen cikinsa suka haura ɗari. Masu ƙididdiga kan ɗauki waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida guda. To amma tukunya tana canjawa. Masu gandu kan ci tare da damina, da rani kowa ya koma tasa. Idan mai rubuta jeri ya ƙirga ƙofofi maimakon tukwane, iyali a babban gida rabonsu na faɗowa ya yi ƙasa da na mai ƙaramin gida shi kaɗai, kuma duk abin da ya bambanta manyan gidaje da ƙanana zai fito a karkace.

Haka batun gonaki. In aka tambayi maigida kaɗai, gonar gandu zai lissafa. Gayaunar ɗansa, da gonar da matarsa ta gada, da wadda aka karɓa aro ko jingina, duk suna iya zamewa. Attajirin da ke zaune a Fagge ko Kurna yana da manyan gonaki a ƙauyen kuwa ba ya cikin jerin gidajen ƙauyen kwata-kwata. Binciken da ya ɗebi gidaje zai nuna ƙasa ta fi rabuwa daidai fiye da yadda take. Mai son sanin wanda ya mallaki ƙasa, gonaki ya kamata ya ɗeba daga taswira, sannan ya nemi masu su.

Hannun da ke zaɓa

Baƙo ba ya shiga ƙauye ya fara tambayoyi ba tare da ya gaida dagaci da mai unguwa ba, kuma haka ya dace. Izininsu ne ke buɗe ƙofofi. Matsalar tana farawa ne idan izini ya koma zaɓi. Mai unguwa da aka ce ya kawo manoma ashirin zai kawo waɗanda ya sani, masu iya magana, waɗanda ba za su ba gari kunya ba. In kuma ya ji ƙanshin tallafi a cikin aikin, zai kawo mabuƙata ko nasa. Malamin gona zai kai baƙo wajen manoman da ya saba aiki da su, masu amfani da ingantaccen iri da takin zamani. Babu mai mugun nufi a cikinsu, amma sakamakon karkata ne. Robert Chambers ya yi bayanin irin wannan a littafinsa na 1983 kan raya karkara: mai bincike kan tsaya inda kwalta ta tsaya, ya zo da rani lokacin da hanya ke biyuwa, ya gana da maza da masu hali.

Maganin ba shi da tsada. A misali, ƙauye mai gidaje 600 ana son 60 daga ciki. A rubuta su duka da lamba, a jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 10, in 7 ta fito a ɗauki gida na 7, na 17, na 27, har ƙarshe. Mai unguwa ya yi rakiya, ya gabatar, amma lamba ce ta zaɓa. In an san akwai rukunin da ke da muhimmanci amma ba su da yawa, kamar masu lambu a fadama, ko gidajen da mace ke riƙe da su, ko rugagen Fulani da ke gefen gari, sai a ware su a ɗeba daga kowane rukuni daban, don kada sa'a ta tsallake su. Daga baya a wajen lissafi a ba kowane rukuni nauyin da ya dace da yawansa na gaskiya. Wannan ba maguɗi ba ne. Da shi ake iya ɗibar gidaje masu kusan yawa ɗaya a Kano da Bayelsa, sannan a haɗa su su ba da adadin ƙasa ba tare da ƙaramar jiha ta rinjayi babba ba.

Wani abin lura: gidaje 30 na unguwa ɗaya suna shan rijiya ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, ruwan sama ɗaya ke sauka a gonakinsu. Amsoshinsu sukan yi kama da juna. Saboda haka gidaje 300 daga ƙauyuka 10 ba su kai gidaje 300 daga ƙauyuka 100 ƙarfin shaida ba, kuma tazarar kuskurensu ta fi faɗi fiye da lissafin da aka kawo a sama. Rahoto mai gaskiya yakan faɗi haka.

Waɗanda aka zaɓa amma ba a same su ba

Ƙuri'a ta fitar da gida, mai tambaya ya je, maigida yana gona ko ya tafi Legas cin rani. In aka tsallake shi aka shiga gidan da aka tarar da mutum, samfur zai cika da tsofaffi da marasa lafiya da marasa aikin yi. Bincike nagari yana komawa sau biyu, sau uku, a lokuta daban, kuma yana rubuta yawan waɗanda aka rasa a fili. Almajirai da 'yan ga-ruwa da masu kwana a shago ko tasha ba sa cikin jerin gidan kowa, don haka binciken gidaje bai san da su ba sai an yi musu tanadi na musamman.

Mata su ne suka fi faɗawa wannan rami. A gidan da ake kulle, namiji baƙo iyakarsa zaure, abin da maigida ya faɗa shi zai rubuta. Maigida kuwa sau da yawa bai san ribar ƙuli-ƙulin matarsa ba, ko yawan awakinta, ko zubin adashinta. Tun 1969 Polly Hill ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki da matan Hausawa ke yi daga cikin gida ta hannun yara masu talla. Binciken tattalin arzikin ƙauye da ba shi da mata masu tambaya ya bar babban kaso na arzikin ƙauyen a bayan katanga. Shi ya sa a binciken lafiya na ƙasa mace ce ke tambayar mace.

Ƙin amsawa ma yana da tarihi. Tsawon zamanin mulkin mallaka da bayansa, rubuta sunan magidanci da ƙirga shanu na nufin haraji da jangali. Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano a 1979, amma dattijon da ya ga wancan zamani bai manta abin da ke biyo bayan alƙalami ba. Yau kuma abin ya juya: rubuta suna na iya nufin shiga rajistar tallafi, sai mai dami hamsin ya ce ashirin ya samu. Ɗaya yana ɓoye kansa, ɗaya yana ɓoye abin hannunsa. Dole mai bincike ya bayyana tun a zaure cewa wannan ba rajista ba ce, babu kuɗin da zai biyo baya, kuma ba za a fitar da sunan kowa ba. Jama'a ma ya kamata su san bambancin. Rajistar masu rauni tana neman sunan kowane mabuƙaci, samfur kuwa gidaje kaɗan yake nema don ya san halin duka. Wanda ba a shiga gidansa a samfur ba, ba a hana shi komai ba.

Lokacin zuwa shi ma wani ɓangare ne na ɗiba. Gidan da aka tambaya da kaka, rumbu cike, da gidan da aka tambaya a tsakiyar damina, hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, gida ɗaya ne amma amsa biyu. Binciken gidaje da NBS ta fara da Bankin Duniya a 2010, wanda ke bin gidaje kimanin 5,000 shekara da shekaru, yana zuwa sau biyu saboda haka: bayan shuka da bayan girbi.

Ra'ayoyi mabambanta

Ba kowane masani ne ya yarda samfur na ƙuri'a shi ne hanya mafi kyau ta sanin karkara ba. Polly Hill tana cikin waɗanda suka fi sukarsa. A Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967, ba ta ɗebi samfur ba. Ta bi rukunonin noma 171 na garin baki ɗaya, ta yi taswirar gonakinsu, ta kasa su kashi huɗu bisa ƙarfin arzikinsu, ta nuna cewa ƙauyen Hausa ba taron talakawa masu hali ɗaya ba ne: akwai mai sayar da hatsi da bazara, akwai mai sayar da gonarsa. A littafinta na 1986 ta yi kakkausar suka ga alƙaluman hukuma da ake tarawa a gurguje daga mutanen da mai tambaya bai san su ba. Hujjarta tana da ƙarfi. Amsar ƙarya daga gidan da aka zaɓa bisa ƙa'ida ƙarya ce dai.

David Norman da abokan aikinsa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun bi hanyar tsakiya. A 1966 zuwa 1967 suka zaɓi ƙauyuka uku da gangan bisa nisansu da Zariya, wato Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka ɗebi gidaje sama da ɗari a cikinsu, ana ziyartar kowanne sau biyu a mako tsawon shekara. Daga nan aka sami hujjar cewa haɗa amfani iri-iri a gona ɗaya ba jahilci ba ne, dabara ce mai riba da rage asara. Mortimore da William Adams ma a shekarun 1990 da gangan suka zaɓi ƙauyuka irin su Tumbau da Dagaceri don su kwatanta wurare masu bambancin ruwan sama da cunkoso.

A ganina saɓanin bai kai yadda ake zato ba, domin tambayoyin ne suka bambanta. Mai son sanin yadda abu ke faruwa, yadda gandu ke watsewa ko yadda bashi ke cin gona, zama a ƙauye ɗaya ya fi masa. Mai son sanin yawan abu, kashi nawa na yaran Kano aka yi wa rigakafi, ba shi da mafita sai ƙuri'a. Laifin yana zuwa ne idan aka ɗauki sakamakon Batagarawa aka ce kashi kaza na manoman Arewa haka suke, ko aka ɗauki adadin ƙasa aka ce ya bayyana dalili.

Yaƙin shan inna ya nuna yadda ƙaramin samfur ke aiki idan an daidaita shi da tambaya. Alƙaluman ma'aikata kan nuna an ɗiga wa kusan duk yara maganin, wani lokaci har fiye da kashi 100, saboda adadin yaran da ake rabawa da shi ƙiyasi ne. Sai aka riƙa tura masu dubawa daban bayan kowane zagaye, su ɗebi yara 60 a ƙaramar hukuma, goma-goma daga unguwanni shida, su duba alamar tawada a yatsa. Yara 60 ba za su faɗi ainihin kason da aka yi wa ba, kuma ba shi aka tambaye su ba. Tambayar ita ce aikin ya karɓu ko a sake. Taswirar tauraron ɗan'adam kuma ta fito da ƙauyuka da rugage da ba sa cikin jerin kowa. Kano ta ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a 2014, aka kuma tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a Agustan 2020.

Iyakar abin da samfur zai faɗa, da abin da ke tafe

Kowane samfur yana da matakin da aka gina shi ya yi magana a kai. Binciken gidaje 5,000 ɗin nan yana magana ne kan ƙasa baki ɗaya da shiyyoyinta shida. Na lafiya yana sauka zuwa jiha. Na talauci na 2022 ya sauka zuwa mazaɓun sanata 109. Babu ɗayansu da zai faɗi halin Ungogo ita kaɗai, balle Bacirawa, ko da yanki ɗaya ko biyu daga can sun faɗo cikin ƙuri'a. Ɗan siyasa ko ɗan jarida da ya ɗora adadin jiha a kan ƙaramar hukumarsa ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Rahoto nagari kuma yana faɗin inda bai je ba. Lokacin da NBS ta ce kashi 40.1 cikin 100, mutum miliyan 82.9, suna ƙasa da ma'aunin talaucin kuɗi a 2018 zuwa 2019, ta bayyana cewa Borno ba ta cikin lissafin saboda rashin tsaro ya hana ɗiba ta ƙuri'a a can. Wannan faɗar gaskiya ƙarfi ce ga rahoton. Yanzu da rashin tsaro ya bazu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato, wuraren da mai tambaya ba zai iya shiga ba su ne galibi inda wahala ta fi tsanani, don haka alƙaluman Arewa maso Yamma suna iya nuna sauƙin da babu shi.

Sai batun ƙidaya. Hukumar Ƙidaya ta sake shata ƙananan yankuna da na'ura a shirin ƙidayar da aka sa wa watan Mayun 2023, wanda ya gyara taswira ƙwarai, amma aka ɗage ƙidayar kanta. Duk “mutum miliyan kaza” da ake faɗa haɗin adadi biyu ne: kason da samfur ya bayar, da yawan jama'a da aka ƙiyasta daga 2006. Na farko an san tazarar kuskurensa, na biyu ba a sani ba. Mai karatu ya fi dogara da kaso fiye da miliyoyin, kuma duk shekarar da ta wuce ba ƙidaya, rabon taki da allurai da kujerun makaranta yana ƙara dogara da ƙiyasi.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi. Manyan binciken gida-gida sun daɗe suna dogara da tallafin waje, kuma a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta yanke kuɗin da hukumar USAID ke bai wa shirin binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasashe. Idan aikin ƙafa ya yi tsada, abin da ke cike gurbinsa shi ne kiran waya da tambayoyin intanet. Kafin zaɓen Fabrairun 2023 wasu ƙuri'un jin ra'ayi da aka yi ta waya da manhajar waya sun sa Peter Obi a gaba, sakamakon da INEC ta bayyana ya sa shi na uku, kuma a wasu daga cikinsu kaso mai yawa na waɗanda aka kira sun ƙi faɗin zaɓinsu ko sun ce ba su yanke shawara ba. Ana iya gyara samfur na waya da lissafin nauyi zuwa wani mataki, amma lissafi ba ya ƙirƙiro amsar wanda ba a kira ba. A karkarar Kano waya ta fi yawa a hannun maza, a hannun matasa, a hannun masu abin sayen kati da biyan caji. Gwamnatocin jihohi da ke da hukumomin ƙididdiga nasu, Kano na cikinsu, su ne ke da ikon sa kuɗin rubuta gidaje da ɗaukar mata masu tambaya a kasafinsu na shekara.